Yaron da karatu ya yi wa tauri: yadda za a sa wasannin waya su taimaka masa

A kusan kowane aji na firamare a Damagaram akwai su. Yaro ya kai CE1, wani ma CE2, amma in aka rubuta masa kalma mai harafi huɗu sai ya ƙura mata ido ya yi shiru, ko ya canki wata da ta yi kama da ita. Ranar dikte kuwa jan bik ya fi rubutun nasa yawa a takarda. A gida a ce malalaci ne, ko wasa ya yi masa yawa, wani lokaci har a kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa. Alhali wannan yaron in kun aike shi kasuwar Dole zai sayo kaya biyar bai manta ko ɗaya ba, ya kawo canji ba dala guda da ta yi ciwon kai. Kansa lafiya lau yake. Wuri guda ne ya toshe, inda sautin da kunne ke ji yake haɗuwa da harafin da ido ke gani.

Don wannan wurin aka yi wasannin koyon karatu na waya. Suna da abin da malamin da ajinsa ya cika maƙil ba zai iya ba: su maimaita wa yaro sauti ɗaya sau ɗari ba gajiya, ba tsaki, kuma ba ƴan aji da za su yi masa dariya. Sai dai yadda aka saba yi, a sauke wasa a miƙa wa yaro waya a koma kan aiki, caji kawai yake cinyewa. A 2020 wasu masu bincike sun tattara gwaje-gwajen da aka yi da GraphoGame, ɗaya daga cikin sanannun wasannin nan, a ƙasashe daban-daban. Da aka haɗa su duka, ribar wasan wajen karanta kalmomi kusan babu. Inda aka ga riba ta gaske shi ne inda babba ya zauna tare da yaron yana sa masa hannu. Matakan da ke tafe duk a kan wannan suka tsaya.

Kafin a taɓa waya

A fara da kunne da ido. Yankinmu yankin sanƙarau ne, kuma yaron da ya tashi daga wannan ciwo yana iya rasa wani abu daga jinsa ba wanda ya lura. Haka ma ciwon kunne mai zubar da ruwa in aka bar shi ya daɗe. Ku tsaya a bayan yaron, ku faɗi kalmomi a hankali, ku ce ya maimaita. Ku lura ko yana kai littafi har hanci, ko yana matse ido in ya kalli abu daga nesa. In kun ga alama, asibitin unguwa ne matakin farko, su kuma su tura ku babban asibitin Damagaram in da buƙata. Yaron da ba ya jin bambancin "s" da "f" babu wasan da zai koya masa rubuta su.

Sannan ku tambayi kanku gaskiya: an koya masa kuwa? Awon PASEC, wanda ake yi wa ƴan firamare na ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƴan CM2 na Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 sun kai kimanin uku cikin goma. Ke nan yawancin yaran da ba su iya karatu ba, babu wata lalura a tare da su. Cunkoson aji ne, da fashin zuwa lakol, da koyon karatu cikin harshen da yaro bai ji ba tukuna.

Akwai kuma waɗanda ko an koya musu da kyau abin yana yi musu tauri. Masana suna kiran wannan disleksiya, kuma yawanci ana ƙiyasta cewa yara biyar zuwa goma cikin ɗari suna da ita. Tana bin jini, shi ya sa in an bincika sau da yawa akan tarar da uba ko kawu da ya sha irin wannan wahala. Ba sammu ba ce, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, bulala kuma ba ta taɓa warkar da ita ba. Juya "b" ta koma "d" shi kaɗai ba hujja ba ne, yara da yawa suna yin haka har wajen shekara bakwai. Aikin da za a yi wa rukunin biyu iri ɗaya ne. Bambancin, na farkon zai zabura cikin ƴan satuttuka, na biyun sai an daɗe ana maimaici.

Yanzu ku yi masa ɗan awo a gida, cikin raha, ba da fuskar jarrabawa ba. Kashi uku ne.

Na farko da baki kawai, ba takarda. Ku ce ya tafa hannu a kowace gaɓa: ma-sa-ra, tafi uku. Ku tambaye shi me ya ji a farkon "rana". Ku ce ya cire "ka" daga "kaza", me ya rage? Na biyu, ku rubuta haruffa goma sha biyar a barkatai, ba bisa jerin a, b, c ba, ku ce ya faɗi sautin kowanne. Na uku shi ne mai tona asiri: kalmomin da babu su a duniya, irin su lomu, nibo, mifo. Yaranmu gwanayen hadda ne, makarantar allo ta horar da kunnensu sosai, har yaro ya iya rera shafi guda na littafin lakol da ka alhali bai san inda kalma ta fara ba. Kalmar da bai taɓa ji ba kuwa dole ya karanta ta harafi bayan harafi. Ku rubuta abin da ya ci da abin da ya faɗi, da kwanan wata, ku adana takardar.

Da wane harshe za a fara?

In Hausa ce harshen da yaron ya fi ji, da ita nake ba da shawara a fara, ko da lakol ɗinsa ta Faransanci ce zalla. Dalilin a fili yake. A rubutun Hausa kusan kowane harafi sauti guda yake da shi, kuma in yaro ya haɗa "tu" da "wo" ya ji tuwo ya fito, shi da kansa ya san ya yi daidai. A Faransanci zai iya haɗa gaɓoɓin daidai amma bai san ko kalma ya faɗa ko shirme ba. Wannan ba sabon tunani ba ne a garin nan, don a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Amma akwai tarko, kuma yaron da karatu ke yi wa tauri shi ya fi faɗawa. Wasu haruffa suna da murya biyu tsakanin rubutun nan biyu. Dubi sunayenmu a takardar haihuwa: Ousmane da Usman, Tchima da Cima, Aïchatou da A'ishatu. Harafin "u" na Hausa shi ne "ou" na Faransanci, "c" ɗinmu shi ne "tch" nasu, "sh" ɗinmu "ch" nasu, "gi" na gida kuma su sai sun sa "gui". Saboda haka a satuttukan farko ku tsaya kan haruffan da harsunan biyu suka yarda a kansu: a, i, o, m, l, n, t, d, b, k, f. Da waɗannan kaɗai ana gina kalmomi masu yawa. Idan aka zo kan masu murya biyu, ku faɗa masa kai tsaye cewa wannan harafi a Hausa kaza yake cewa, a Faransancin Mushe, malamin lakol, kuma kaza. Kada a haɗa wasan Hausa da na Faransanci a zama ɗaya.

Wani abu kuma: Hausa ba ta da "v", ba ta da "u" irin ta Faransanci, ba ta kuma raba "p" da "f". Yaron da ya rubuta "bélo" maimakon "vélo" abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Maganinsa ya kalli bakin mai faɗa, ya ga haƙora sun taɓa leɓe.

Zaɓen wasa

Play Store cike yake da wasanni masu hoton haruffa da balan-balan, yawancinsu ba su da amfani ga irin yaranmu. Kafin ku ba yaro kowanne, ku buga shi da kanku na minti goma, ku duba abu huɗu. Yana furta sautin harafi, ko sunansa kawai yake rerawa? Wanda ke cewa "mmm" ya fi wanda ke cewa "em", don da sauti ake haɗa kalma. Yana tafiya daga harafi zuwa gaɓa zuwa kalma a tsare? In yaro ya yi kuskure yana sake furta masa daidai, ko ƙara kawai yake yi ya wuce? Yana aiki ba intanet, ba talla? Wanda ya faɗi a biyu daga cikin waɗannan ku goge shi.

Na Hausa, wanda ya kamata a fara nema shi ne Feed the Monster. Asalinsa da Larabci aka yi shi don yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta, a wata gasa da ƙasar Norwe ta ɗauki nauyi, daga baya ƙungiyar Curious Learning ta mayar da shi harsuna sama da hamsin, har da Hausa da Faransanci. Kyauta ne. Yaro yana jin sauti, ya jawo dutsen da ke ɗauke da harafin ya jefa a bakin wani ɗan dodo, dodon yana girma yana sake kama. Bankin Duniya ya gwada shi a karkarar arewacin Najeriya, inda aka raba wa gidaje wayoyi ɗauke da shi tare da littattafan Global Digital Library, bayan shekara guda aka tarar karatun yaran ya ƙaru, har da na ƴan'uwansu da ba don su aka kawo wayar ba. A lura dai, yaran gari ne gaba ɗaya aka auna, ba masu disleksiya aka ware ba. Ku kuma sani cewa kayan da aka shirya a Najeriya suna rubuta 'y inda mu muke rubuta ƴ. Sauti ɗaya ne, a nuna wa yaro duka biyun.

Na Faransanci akwai Kalulu, wanda ya fito daga rukunin binciken Stanislas Dehaene a Faransa, shi ma kyauta, yana bin sautuka ɗaya bayan ɗaya daga masu sauƙi. Akwai GraphoGame, wanda Heikki Lyytinen da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a jami'ar Jyväskylä ta ƙasar Finlan bayan shekaru suna bin yaran da disleksiya ke cikin danginsu. Na Faransancinsa da masu bincike na jami'ar Aix-Marseille aka yi shi. Yana rage wuya ko ya ƙara gwargwadon amsoshin yaro. A wasu ƙasashe kyauta ne, a wasu sai an biya, sai ku duba abin da wayarku ta nuna. GCompris kuma tarin ƙananan wasanni ne sama da ɗari, yana aiki a waya da kwamfuta, amma ni ba na sa shi a gaba, don yaro yakan tsallake na haruffa ya tafi na zane.

Wasa ɗaya ya isa. In aka tara biyar, yaro zai riƙa tserewa daga kowanne da zarar ya fara wuya, kuma daidai wurin wuyar ne ake son ya tsaya.

Shirya wayar

A yawancin gidaje wayar Inna ce ko ta Baba, Tecno ko Itel wadda hotunan biki da bidiyon WhatsApp suka cika. A share wuri tukuna. A sauke wasan daga Play Store, a buɗe shi sau ɗaya tun da sauran mega, don wasu sai a buɗewar farko suke jawo muryoyinsu. In ta Xender za a karɓa, a karɓa daga wanda aka sani, a gwada a ji ko sauti na fita.

Lokacin wasa a kashe data. In ba a jiran kiran ciniki a sa "mode avion" gaba ɗaya. A cikin "Paramètres" ku nemi "Épinglage", ku kunna. Shi ne ke kafe wasan a fuskar waya yadda yaro ba zai zame ya koma TikTok ba. In wasan yana buɗa wa kowane yaro sunansa, ku buɗa wa kowa nasa. In yayarsa mai iya karatu ta buga da sunansa, wasan zai ɗauka shi ne ya ƙware, gobe ya jibgo masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Lasifikar ƙananan wayoyi tana cakuɗa sautuka, balle in ƙurar hunturu ta toshe ta, ga kukan awaki ga rediyon maƙwabta. Ku nemi abin ji na kunne, ku raba: ɗaya a kunnen yaro, ɗaya a naku. In gilashin ya tsage, ku gwada ko akwai gefen da ba ya jin taɓi, kada yaro ya riƙa faɗuwa a kan laifin waya. Da bazara kuwa, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, a ware cajin wasan tun da safe.

Zaman kansa

Minti goma sha biyar a waya, minti goma a ƙaramin allo da alli, kwana biyar a sati. Kamar maganin likita ne, cokali ɗaya kullum, ba a shanye kwalba ranar Lahadi. Ku zaɓi lokaci guda ku riƙe shi, wanda bai ci karo da makarantar allo ko ɗibar ruwa ba. Bayan la'asar ya fi bayan isha'i, don yaro mai jin barci canka kawai yake yi. A kuma fara tun watan Oktoba ko Nuwamba, ko cikin babban hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, satin jarrabawa ba lokacin fara wannan aiki ba ne.

Doka ɗaya ce a zaman: ji, faɗa, sannan taɓa. Ga yadda take aiki. A ce yarinya ƴar CE1 tana zaune a tabarma, yayanta ɗan kolej a gefenta, kowa da abin ji a kunne guda. Wasan ya furta "ɗa", ya nuna da, ɗa, ba. Tun muryar ba ta rufe baki ba yatsanta ya nufi na farko. Ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Tsaya, ƙanwata. Me ya ce?"

"Da."

"Sake ji. Kalli bakina: ɗaki. Daji. Ɗaya ne?"

Ta maimaita su a hankali, ta girgiza kai. "Na ɗaki ne, Yaya."

"To wanne ne mai ƙugiya a ka?"

Ta duba, ta jawo na tsakiya. Bai ce mata ta yi kuskure ba, bai kuma nuna mata amsa ba. Ya dai hana yatsa ya riga kunne.

Wannan shi ne babban aikin mai zama da yaro, domin yara suna gano hanyar cin wasa ba tare da sun koyi komi ba. Alamun a bayyane suke: yatsa yana tafiya kafin sauti ya ƙare, ko kullum gefe guda yake taɓawa, ko ya taɓa kowanne bi da bi har a dace. In kuna shakka, ku rage murya gaba ɗaya ku gani. In ya ci gaba da bugawa hankali kwance, dama ba saurare yake ba.

Wanda bai yi boko ba kada ya ce ba ruwansa. Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana jin bambancin kaya da ƙaya, baki da baƙi, fada da faɗa, fiye da kowace waya. Tana iya riƙe dokar nan ta ji, faɗa, taɓa, tana iya cewa "sake faɗa mini in ji", tana iya duba agogo. Sashen allo ne kawai za ta bar wa wani yaya ko maƙwabci.

Da minti goma sha biyar sun cika a ajiye waya, ko da yana roƙon ƙari. Gara ya tashi yana marmari. Sai a ɗauko allo. Sautuka biyu ko uku da ya yi fama da su yau, ku faɗa, ya rubuta yana furtawa da ƙarfi. In alli ya ƙare, ƙasar tsakar gida da yatsa sun wadatar, manyan haruffa ma sun fi zama a ka. Daga nan ya haɗa su da wasula: ɗa, ɗi, ɗo. Sai kalma biyu. Kada a tsallake wannan sashe don an gaji. A waya yaro yana zaɓa ne cikin abin da aka jera masa, a allo kuwa shi zai ciro harafin daga kansa, kuma wannan ne Mushe zai nema ranar dikte.

Yabo ya kasance a kan abin da ya yi. "Yau ka tsaya ka saurara kafin ka taɓa" ya fi "kai gwani ne". Kada a gwada shi da ƙanensa da ya riga shi iyawa, kada kuma a hana shi wasan don ya yi laifin wani abu daban.

Dikte

Rubutu yakan biyo bayan karatu da nisa, musamman a Faransanci, don haka a ba shi nasa lokaci sau biyu a sati a madadin sashen allo. Kalma biyar sun isa. Ku faɗi kalma, ya maimaita, ya tafa gaɓoɓinta, ya ajiye tsakuwa ɗaya a kan kowane sauti, sannan ya rubuta. Sai ku nuna masa daidai ɗin, shi da kansa ya gano inda suka saba ya gyara. Kalmar da ta kayar da shi a rubuta ta a ƴar takarda a jefa cikin gwangwani. Ta dawo gobe, ta dawo bayan kwana uku, ta dawo bayan sati. In ta tsallake ukun ta fita.

Waya tana da amfani a nan ko ba wasa. Wani mai iya karatu ya ɗauki muryarsa yana faɗin kalmomin satin a hankali, ya ɗauki hoton jerinsu, ya turo ta WhatsApp. Yaro ya saurara, ya tsayar, ya rubuta, daga baya a buɗe hoton ya gwada. A ranakun da babu mai duba masa ma aikin bai tsaya ba.

Haruffan Faransanci da ake rubutawa ba a furtawa, ku koya masa ya nemo su wurin dangin kalmar: petit yana da "t" saboda petite, grand yana da "d" saboda grande, chat saboda chaton. Sautin da ke da rubutu uku, irin o, au, eau, kada a kawo su sati guda. Ɗaya ya zauna kafin a shigo da na biyu.

In ya fara haɗa jimla, ku sa Hausa a Gboard, wato allon haruffan da ake rubuta saƙo da shi a waya, ku kashe gyaran kalma na kai tsaye, ku bar shi ya rubuta wa kawunsa da ke Agadas ko Yamai saƙo na layi ɗaya. Ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa in aka danne b, d da k aka riƙe. Amsar da kawu zai turo, yaron zai dage ya karanta ta da kansa.

Malaminsa

Ku je ku same shi a lokacin da ba ya cikin aji, ku gaisa yadda ya kamata, ku ce: "Mushe, muna ɗan aiki da yaron nan a gida kan sautuka. Wanne kuke kai wannan satin, mu bi sawunku?" Malamin da ke da aji cike ba zai iya yi wa ɗanku darasi na daban ba, kada ku nemi haka. Ku roƙi abu ɗaya ko biyu masu yiwuwa: a zaunar da shi gaba, kada a tashe shi karatu a gaban aji sai layin da ya riga ya shirya a gida, in da hali a rage masa tsawon dikte.

Bayan sati shida

Ku ciro takardar nan da kuka adana, ku sake awon, amma da sababbin kalmomin da babu su, kada hadda ta ruɗe ku. Taurarin da ya tara a wasa ba su ne ma'auni ba.

In haruffan da ya sani sun ƙaru, yana kuma haɗa gaɓa biyu ko da a hankali, ku ci gaba a haka. In ya yi nisa a wasa amma takarda ba ta motsa ba, canka ta yi yawa ko allo ya yi kaɗan: ku mayar da wasa minti goma, allo goma sha biyar, ku koma baya matakai kaɗan. In kuma an yi wata uku ana aiki ba fashi, ido da kunne lafiya, amma harafin da ya sani jiya yau ya ɓace, to lokaci ya yi da za a yi magana da daraktan makaranta da likita, a tambayi hanyar ganin mai gyaran magana da karatu, wanda takardun asibiti ke kira "orthophoniste". Ku tafi da takardun awon biyu da littafin diktensa. Aikin gida kuma kada a dakatar da shi ana jira.

Ranar da ya fara karanta sababbin kalmomi masu gaɓa biyu da uku ba tuntuɓe, wasan haruffa ya gama nasa, sai a koma labari. Bloom Reader da African Storybook suna da gajerun littattafan Hausa da na Faransanci masu hoto, ana sauke su a karanta ba intanet. Ku zaɓi mai layi ɗaya ko biyu a shafi. Ku karanta masa sau ɗaya yana bin kalmomin da yatsa, ku karanta tare, sannan shi kaɗai. Labari guda ya yi kwana uku kafin a sake wani. In ya tsaya a kan kalma, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku sa baki, kuma sautin farko kawai za ku ba shi.